Darasi Na 9: Tsiren Naman Sa Da Cimicuri, Mahaɗin Ganye Na Kudancin Amurka

Babu Bahaushen da za a koya wa cin tsire. Da yamma ta yi, ko a Kano ko a Maraɗi ko a zangon Kumasi, inda duk aka hango hayaƙi yana tashi a bakin titi an san akwai mai nama a wajen, ga tsinkaye a jere, ga yaji a kwano, ga albasa ana yankawa. To amma ba mu kaɗai Allah ya hore wa sanin gashi ba. A can tsallaken Tekun Atalantika akwai mutanen da su ma suka mai da gasa naman sa abin alfahari, sai dai hanyar da suka bi ta sha bamban da tamu. A wannan darasi za mu san ko su wane ne, mu ga yadda ake haɗa mahaɗin ganyen da suke kira cimicuri, mu koyi tsuma nama da shi da gasa shi a tsinke. A kan hanya za mu taɓa ɗan lissafin awo da kuma ƙa'idojin tsabtar abinci.

Ƙasashen da shanu suka fi mutane yawa

Ajantina da Urugwai maƙwabta ne a kudancin nahiyar Amurka ta Kudu. Tsakaninsu da kewayensu akwai wani shimfiɗaɗɗen fili mai ciyawa da ake kira Pampas, wanda mutum zai yi tafiyar yini guda a mota bai ga dutse ba. Asali babu saniya ko ɗaya a nahiyar. Mutanen Sifen ne suka kawo shanu a ƙarni na 16. Lokacin da Juan de Garay ya sake kafa birnin Buenos Aires a 1580, an koro garken shanu daga Asuncion zuwa sabon garin. Waɗanda suka ɓace ko aka saki a daji sun tarar da ciyawa da ruwa ba iyaka, sai suka yi ta hayayyafa har suka zama tamkar namun dawa. A yau Ajantina tana da shanu wajen miliyan 50, fiye da adadin mutanenta. Ita kuwa Urugwai, mutanenta ba su kai miliyan 4 ba, amma shanunta sun haura miliyan 11, wato kowane mutum ɗaya yana da fiye da shanu uku idan aka raba.

Makiyayan wannan fili, masu yawo bisa dawakai, ana kiransu gauco. A zamanin da, fata ce abin sayarwa, ita ake lodawa a jirgin ruwa zuwa Turai. Nama ba shi da wata daraja, domin babu hanyar kai shi nesa bai ruɓe ba. Gauco yakan kayar da sa, ya feɗe fata, ya yanki abin da zai ci, ya bar saura ga tsuntsaye. Sai ya soke naman a sandar ƙarfe, ya kafa ta a ƙasa kusa da wuta, ya zauna yana shan wani ganyen shayi mai ɗaci da suke kira mate har naman ya nuna. Masanin nan na Ingila, Charles Darwin, da ya ratsa yankin a 1833, ya yi mamakin yadda mutanen suke ɗaukar lokaci mai tsawo ba su ci komai ba sai naman sa. Al'amarin ya fara sauyawa a 1876, lokacin da wani jirgin ruwa na Faransa mai ɗakin sanyi, mai suna Le Frigorifique, ya iso Buenos Aires ɗauke da nama bai lalace ba. Daga nan aka gane za a iya sayar wa Turai nama, masu gonaki suka ƙara himma wajen kiwon shanun Birtaniya irin su Angus da Hereford, masu saurin ƙiba da taushin nama.

Gashin da mutanen yankin suka gada daga gauco shi ake kira asado. Ranar Lahadi dangi sukan taru a tsakar gida, mutum ɗaya ya kama aikin wuta, kuma ba a yi masa katsalandan. Shi zai hura itace ko gawayi a gefe guda, ya riƙa ɗebo garwashi da shebur yana zubawa a ƙarƙashin wayar gashi, ya yi awa biyu ko uku yana kula da haƙarƙari da sauran manyan yanka. Idan aka gama ci sai a tafa masa. Mutumin Ajantina a yau yana cin naman sa kusan kilo 50 a shekara, abin da ya sa ƙasar take sahun gaba a duniya wajen cin naman sa.

Mene ne cimicuri?

Mai gashin asado na gaske ba ya shafa wa nama komai sai gishiri mai tsakuwa. A ganinsa, naman da yake da kyau ba ya bukatar a lulluɓe shi da kayan ƙamshi. Abin da ake ajiyewa a tebur domin kowa ya ɗiba shi ne cimicuri: ɗanyen ganyen fasli da aka yayyanka, da tafarnuwa, da busasshen ganyen origano, da barzajjen barkono, da khal (wanda masu kanti suke kira binega), da mai, da gishiri. Ba a ɗora shi a wuta ko kaɗan. Kore ne, mai tsami, mai ƙamshin tafarnuwa, kuma yajinsa kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da namu.

A nan ne babban bambancinsa da tsirenmu yake, kuma duk wanda ya riƙe wannan ya riƙe darasin. Mu muna shafa ƙuli-ƙuli da yaji a jikin nama su gasu tare, mai ya haɗu da mai, ɗanɗano ya yi nauyi. Su kuma suna barin naman ya fito da maiƙonsa, sannan su kawo tsami da ɗanyen ganye su yanke maiƙon. Shi ya sa mutum zai ci da yawa bai ji ya gundure shi ba.

Kayan haɗin suna ba da labarin ƙasar. Fasli da tafarnuwa da origano tsirrai ne na girkin Italiya da Sifen, ƙasashen da miliyoyin mutanensu suka yi ƙaura zuwa Ajantina daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20. Barkono kuwa ɗan asalin nahiyar Amurka ne. Ba shi kaɗai ba ma. Gyaɗar da muke yin ƙuli-ƙuli da ita asalinta Amurka ta Kudu ne, daga yankin Bolibiya da arewacin Ajantina, kuma 'yan kasuwar Fotugal ne suka tsallako da ita Afirka. Ke nan yajin tsiren da muke taƙama da shi, ginshiƙansa biyu daga can suka zo.

Mutanen Ajantina ma suna yin gashi a tsinke, sukan jera yankan nama da albasa da tattasai. Amma tsuma nama kafin gashi ya fi ƙarfi a ƙasar Peru, wadda take arewa maso yamma da su. Can akwai wani tsire da ake kira antikuco, wanda ake yi da zuciyar sa. A zamanin mulkin Sifen, iyayengiji sukan ci tsoka su bar wa bayin da aka kawo daga Afirka kayan ciki. Bayin nan ne ake danganta wa gwanintar tsuma zuciya a cikin khal da tafarnuwa da wani jan barkono marar zafi sosai, har ta zama abin marmari. Yanzu da dare ya yi a birnin Lima, mata ne suke sayar da shi a bakin titi tare da dafaffen dankali da masara. Girkin da za mu koya ya ɗauki mahaɗi daga Ajantina, ya ɗauki dabarar tsumi da tsinke irin ta Peru.

Namansu da namu

Kafin a je ga tukunya da wuƙa, akwai abin da ya kamata a sani. Shanun Pampas ba sa tafiya mai nisa, kuma ana yanka su suna ƙanana. Shanunmu, Bunaji da Rahaji da Gudali da na Azawak, masu tozo ne, sun saba da doguwar tafiya neman ciyawa da ruwa, kuma sau da yawa sai sun manyanta ake kai su kara. Namansu yana da ɗanɗano mai ƙarfi, amma ya fi tauri, kitsen cikin tsoka kuma kaɗan ne. Wanda ya ɗauko girkin Ajantina ya yi shi da kowace irin tsoka ya samu a kasuwa, zai yi ta tauna har muƙamuƙinsa ya gaji.

Saboda haka zaɓen nama shi ne rabin aikin. A tafi wajen mahauci da safe, a ce masa, “Malam, tsokar gadon baya nake so kilo ɗaya, mai taushi, ta gashi ce ba ta miya ba. A cire mini jijiya, a ƙara mini ɗan tozo.” Tsokar da take kwance a cikin gadon baya ita ce mafi taushi a jikin sa, domin ba ta aiki sosai. Bayanta sai saman cinya. Naman ƙwauri da wuya da ƙirji na dahuwa ne, kada a sa su a tsinke. Nama mai kyau ja ne mai haske, ba ya yauƙi, ba ya wari, kuma idan aka danna shi da yatsa yakan dawo.

Shi kuwa tozon yana da aikinsa. Mutanen Ajantina sukan saka naman alade mai kitse tsakanin yanka domin tsiren kada ya bushe. Mu ba ma bukatarsa, siririn yankan tozo yana yin wannan aiki, kuma su ba su da irinsa a shanun Pampas.

Kayan haɗi

Ma'auninmu shi ne ƙaramin gwangwanin madara. Domin nama kilo 1 ana bukatar:

yankakken ganyen fasli, gwangwani 2
tafarnuwa, ƙwaya 6
busasshen origano, babban cokali 2
barzajjen busasshen barkono, babban cokali 1
khal, rabin gwangwani
mai, gwangwani 1
ruwan ɗumi, rubu'in gwangwani
gishiri, ƙaramin cokali 3
albasa babba 2 da tattasai 2, na jerawa a tsinke

Ƙa'idar da za a haddace ita ce mai kashi biyu, khal kashi ɗaya. Ko an ninka girkin ko an rage shi, wannan ba ya sauyawa.

Fasli yana samuwa a wajen masu sayar da kayan salak a manyan kasuwanni. A nemi mai faɗin ganye, ya fi mai nannaɗaɗɗen ganye ƙamshi. Inda babu shi, ɗanyen ganyen karas mai laushi yana iya tsayawa a madadinsa, domin dangi ɗaya ne, sai a gauraya shi da lawashi. Ɗoɗɗoya da na'a-na'a ƙamshinsu yana danne komai, in za a sa to ganye uku ko huɗu sun isa. A madadin origano a yi amfani da tayim, amma rabin awon. Gaskiyar magana, idan aka sauya ganye ba cimicurin Ajantina aka yi ba, ɗan uwansa aka yi, sai dai yana da daɗi kuma ya fi zama babu. Mutanen can sun fi amfani da khal ɗin inabi. Farin khal ko na tuffa da ake sayarwa a kantunanmu duk suna yi, haka ma ruwan lemon tsami, illa dai na lemon tsami ba ya jure ajiya. Game da mai, wasu suna ɗauka dole sai man zaitun. Ba haka ba ne, gidaje da yawa a Ajantina da man sunfulawa ko na masara suke yi. Tataccen man gyaɗa marar ƙarfin ƙamshi ya wadatar. Manja dai ba ya shiga.

Haɗa cimicuri

A narkar da ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a ruwan ɗumin, a zuba origano da barkono a ciki, a bar su minti goma su jiƙa su saki ƙamshi. A wanke fasli da ruwa mai tsabta sau biyu ko uku, tunda ɗanye za a ci shi, a shanya shi a kan tsumma mai tsabta har ruwan ya tsane sarai. A tsinke ganyen daga kara.

Da wuƙa ake yankawa, ba a kai shi injin markaɗe. A tattara ganyen a dunƙule a kan katako, a riƙa yanka shi ƙanana-ƙanana, a sake tattarowa a sake bi, har ya zama kamar barzajjen hatsi. Wuƙar ta kasance mai kaifi. Idan aka ga katakon ya yi kore shar da ruwa, to dakusasshiyar wuƙa tana murje ganyen ne, kuma ƙamshin da ya kamata ya shiga kwano ya tsiyaye a katako. Injin markaɗe kuwa yakan mai da shi kunu, ya fito da ɗaci. Tafarnuwa ma a yanka ta sosai, ko a ɗan daka ta a turmi da gishiri kaɗan.

A zuba fasli da tafarnuwa a kan jiƙaƙƙen origano, a kawo khal a juya, sannan mai ya zo a ƙarshe. Dalilin wannan jeri shi ne, in mai ya riga ya lulluɓe ganye, gishiri da tsami ba za su ratsa shi ba. A ɗanɗana. Ya kamata a ji tsami ya ɗan yi gaba, domin nama zai rage masa kaifi. A rufe a bar shi aƙalla awa ɗaya. Wanda ya kwana a firji ya fi daɗi: korensa zai ɗan dushe, zafin tafarnuwa ya kwanta, man ya ɗauki ƙamshi.

Yanzu sai abu mafi muhimmanci ga lafiya. A raba cimicurin nan gida uku tun kafin a taɓa nama. Kashi ɗaya na tsumi ne. Kashi biyu a zuba a wani kwano daban, a rufe, a ajiye na ci. Duk abin da ya taɓa ɗanyen nama, ko cokali ne ko yatsa, ba ya komawa cikin kwanon ci.

Yanka da tsumi

Tsirenmu ana fere shi ne siriri. Wannan kuwa gunduwa-gunduwa ake yi, kowace ta kai santimita 3 a kowane gefe, kusan faɗin yatsu biyu. A dubi tsokar da kyau, za a ga zare-zare sun miƙe sun nufi waje ɗaya. A gitta wuƙa a kansu, kada a bi tsawonsu, don zaren ya gajarce haƙori ya samu sauƙi. A yi ƙoƙari yankan su zo daidai, in ba haka ba ƙarami zai ƙone babba bai nuna ba. Kilo ɗaya yakan ba da yanka 30 zuwa 35.

A barbaɗa ragowar gishirin, a zuba kason tsumi, a cakuɗa da hannu. Kwanon ya zama na tangaran ko gilashi ko roba mai kyau. Tsami yana cin alminiyam, ya ba abinci ɗanɗanon ƙarfe.

Mutane da yawa suna zaton in nama ya daɗe a tsumi zai ƙara taushi har ciki. Ba haka abin yake ba. Khal da mai da ganye ba sa wuce fatar nama sai ɗan kaɗan, gishiri ne kawai yake ratsawa ciki a hankali ya taimaka wa tsoka ta riƙe ruwanta. In aka bar nama ya wuce kima a cikin tsami, bayansa zai yi fari ya saki, cikinsa kuma yana nan yadda yake. Awa biyu zuwa huɗu a firji ya isa. Inda babu firji ko babu tabbacin wutar lantarki, kada a wuce awa ɗaya, a rufe a ajiye a inuwa, domin a zafin ƙasarmu ƙwayoyin cuta suna ninkuwa da sauri a jikin ɗanyen nama. Idan naman ya yi tauri sosai, a nannaɗe shi a murzajjen ganyen gwanda na rabin awa kafin tsumi. Akwai wani sinadari a gwanda mai sassauta tsoka, kuma mutanen Amurka ta Tsakiya, inda gwanda ta samo asali, sun daɗe da sanin wannan.

Tsinken itace a jiƙa shi a ruwa rabin awa don kada ya kama wuta. Na ƙarfe, mai faɗi ya fi zagayayye, domin nama ba ya juyawa a kansa. A jera nama, albasa, nama, tozo, tattasai, har yankan nama biyar a kowane tsinke. Kada a matse su, a bar ɗan sarari zafi ya ratsa. A share ganyen da ya manne da yawa a jikin naman, domin tafarnuwa tana saurin ƙonewa ta yi ɗaci.

Wuta

Masu gashin Ajantina suna da ƙa'ida ɗaya da ba sa saɓawa: da garwashi ake gashi, harshen wuta ba ya taɓa nama. A hura gawayi da ƙirare ko takarda, ban da kananzir da leda, warinsu yana kama nama. A jira minti 20 zuwa 30 har baƙin gawayin ya ɓace, farar toka ta rufe shi. A tara garwashin a gefe ɗaya na murhu, a bar ɗaya gefen da ɗan kaɗan. Gefen mai zafi na gashi ne, ɗayan kuma wajen gudun hijira ne idan wuta ta tashi.

Ana auna zafi da tafin hannu. A ɗaga shi daidai saman wayar gashi a yi ƙirga. Manyan yankan asado suna son wutar da hannu zai jure daƙiƙa bakwai ko fiye, shi ya sa suke ɗaukar awoyi. Tsire kuwa yankansa ƙanana ne, yana son wutar da ba za a iya wuce daƙiƙa uku ko huɗu ba.

A shafa wa waya mai, a ɗora tsinkaye. Za a ji ƙarar cuu nan take, in ba a ji ba wutar ba ta yi ba. Daga nan sai haƙuri. Nama yakan manne wa waya da farko, idan gefen ya gasu shi da kansa zai saki. Bayan minti biyu ko uku sai a juya, a bi duk gefe huɗu. Wannan launin ƙasa-ƙasa da yake fitowa shi ne tushen ƙamshin gashi, kuma ba ya samuwa sai zafin fatar nama ya kai wajen digiri 140, abin da ba zai yiwu ba matuƙar naman yana jiƙe sharkaf. Shi ya sa ake tsane shi kafin a ɗora. Can za a ga tozo ya fara narkewa, kitse ya ɗiga a garwashi, wuta ta yi tsalle da baƙin hayaƙi. Kada a watsa ruwa, toka ce za ta tashi ta bi nama. A janye tsinken zuwa gefen sanyi har wutar ta kwanta. Baƙin ƙuna ba daɗi gare shi ba, kuma masana lafiya suna gargaɗi a kan yawan cin ƙonannen nama, don haka in wani gefe ya ƙone a kankare shi.

Duka-duka minti 8 zuwa 10 ne. Mai ma'aunin zafin abinci ya soka shi a tsakiyar yanka mafi kauri, ya kai aƙalla digiri 63. Wanda ba shi da shi ya tsaga yanka ɗaya ya duba. Mata masu juna biyu da yara ƙanana da tsofaffi da marasa lafiya a gasa musu har ja ya ɓace gaba ɗaya. Da an sauke, a zuba a faranti mai tsabta, ba wanda aka ɗauko ɗanyen nama a ciki ba, a bar shi ya huta minti uku zuwa biyar don ruwansa ya zauna. Sannan a buɗe kwanon cimicurin da aka ɓoye, a juya shi, a yarfa cokali ɗaya a kan kowane tsinke yana da ɗumi. Zafin naman ne zai tayar da ƙamshin ganyen. A Ajantina da burodi da salak ake ci, a Peru da dankali da masara. Gurasa da dafaffiyar doya ma sun dace da shi.

Kiyaye lafiya

Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kisa. Kada a taɓa yin gashi a cikin ɗaki ko rufaffen kicin, ko da sanyin hunturu ya matsa. A guji gasa nama a kan wayar shinge ko ragar tsohon firji, domin rufin da yake jikinsu yana iya narkewa ya shiga abinci. Gasasshen nama kada ya wuce awa biyu a waje ba a ci ba ko ba a sa a firji ba. Ragowar cimicurin ci a zuba a kwalba mai murfi a sa a firji, a cinye cikin kwana huɗu zuwa biyar. Ɗanyar tafarnuwa a cikin mai in ta zauna a wuri mai ɗumi tana iya haifar da guba mai haɗari, don haka inda babu firji a haɗa daidai na yini ɗaya kawai. Ruwan tsumin da ya rage a kwanon nama kuwa zubarwa ake yi.

Tambayoyi

1. Me ya sa gauco na zamanin da ba su damu da adana nama ba, kuma me ya sauya hakan?
2. Faɗi babban bambanci tsakanin yadda muke sa yaji a tsire da yadda ake amfani da cimicuri.
3. Don me ake raba cimicuri tun kafin a taɓa ɗanyen nama?
4. Za a yi walima da nama kilo 4. Gwangwani nawa na mai da na khal za a bukata? Idan kowane kilo ya ba da yanka 30, kowane tsinke kuma yana ɗaukar yanka 5, tsinke nawa za a samu?

Aikin mako

Ku kasu rukuni-rukuni na mutum huɗu ko biyar. Kowane rukuni ya je kasuwa ya tambayo farashin nama da sauran kayan haɗi, ya rubuta a littafi, ya fitar da abin da tsinke ɗaya zai ci. Sannan ku gasa rabin kilo: rabi da yajin ƙuli-ƙuli yadda kuka saba, rabi da cimicuri. In akwai mahauci ko mai sana'ar tsire a ajin, shi zai nuna wa saura yadda ake gane zaren tsoka. Ku zo darasi na gaba da lissafinku a rubuce, da kuma ra'ayin mutanen gida a kan wanda ya fi karɓuwa.